Hannun Hagun Kawu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu ranar wata Litinin da hantsi, yana zaune a kujerarsa ta falo, shayinsa bai ma huce ba.

Kafin la'asar gidan ya cika. Ɗan gida ne a nan Amurka, a bayan titin Gate City Boulevard, falo ɗaya da ɗakuna biyu, don haka maza suka shimfiɗa tabarmi a ciyawar waje, mata muka cunkushe a ciki. Mutanen Nijar ne suka fi yawa, sai 'yan Najeriya da 'yan Gana. Kowa da abin da ya tuna. Wani ya ce Alhaji ne ya ɗauko shi daga filin jirgi ranar da ya sauka ƙasar nan, bai san kowa ba. Wata ta ce shi ya koya mata tuƙi, har ta fasa masa fitilar mota bai ce uffan ba. Wani dattijo kuwa sai girgiza kai yake yana cewa, "Yanzu wa zai riƙa kai mu gona sayen ragon layya?"

Ranar sadakar uku wata mota ta tsaya, tsofaffin Amurkawa suka fito, maza biyu da mace ɗaya, dukansu cikin riga iri ɗaya mai ruwan ganye. Suka cire takalma a bakin ƙofa ba wanda ya ce musu su cire. Macen, baƙar fata ce doguwa da ta yi ritaya daga tuƙin bas, tana ɗauke da tiren abinci. Ta durƙusa gaban Hajiya, matar Kawu, ta riƙe hannunta, ta ce da Hausar da ta karye ko'ina, "Allah ya jiƙan shi." Daga nan kuka ya ci ƙarfinta.

Mata suka fara taɓa juna. "Su wane ne waɗannan?"

"'Yan ƙungiyarsa ta bolin ne, wasan nan na jifan ƙwallo," in ji ni.

"Au, wai da gaske yake yin abin nan? Na ɗauka raha ce."

Malam, wan Hajiya, wanda shi ya yi wa Kawu salla, yana tsaye a ƙofa. Ya daɗe yana kallon baƙin, sannan ya ce a hankali, "Har gobe ban yarda da wurin nan ba. Amma ku ba su wurin zama, mutanensa ne."

Abin da ya sa na zauna rubutun nan ke nan. Rabin masu zaman makokin sun san Kawu direba, mai kai mutane asibiti da filin jirgi. Ba su san ɗaya Kawun ba, kuma ba na so a binne shi tare da na farkon.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce. Daga Maraɗi aka turo ni wurinsa karatu, a gidansa na zauna har na yi aure, shi ya zama waliyyina. Lokacin da na zo, tasi yake ja, yawanci daga tashar bas ta tsakiyar gari. Cikin fasinjojinsa akwai wani tsohon Bature na unguwar Sedgefield da idonsa ya raunana aka hana shi tuƙi. Duk Talata da safe Kawu yakan kai shi gidan bolin ya jira shi a mota. Wata Talata mutum ɗaya bai zo ba a ƙungiyar tsohon, sai ya fito ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce Kawu ya shigo ya cike gurbi. A lokacin lokotoro ya riga ya gaya wa Kawu sukari ya kama shi, in bai motsa jiki ba zaman mota zai kashe shi. Sai ya shiga.

Ya ba mu labarin ranar yana dariya. Doguwar hanya ce ta katako mai sheƙi, suna ce mata layi, a ƙarshenta an jera wasu sanduna goma masu siffar kwalba, shi kuwa kwalabe ya ci gaba da ce musu har ya mutu. Gefe da gefe akwai kwata. Ya ce jifansa na farko kwatar dama ta cinye, na biyu ta hagu. "Na ce to, an yi adalci, kowace ta samu."

Kawu ba ya shiga abu da rabin zuciya. Shekara ba ta zagayo ba ya daina ɗaukar ƙwallon aro na gidan, ya sayi nasa, irin wanda ake kira riyaktif, aka huda shi daidai yatsunsa. Baƙi ne mai ratsin ja. Ranar da ya kawo shi gida ya ajiye shi a tsakiyar falo, ya kira ni da Hajiya kamar an kawo amarya.

"Ku taɓa ku ji," ya ce. "Wannan ba roba ba ce. Jikinsa na da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Shan mai yake."

"Wane man?" in ji Hajiya.

"Man da ake shafa wa layi. Kullum da safe inji yake bi ya shafa, daga farko har ya wuce rabi, ya bar ƙarshen a bushe. In na jefa wannan, a kan mai sulɓi yake yi kamar mota a ƙanƙara. Da ya taka busasshen wuri sai ya kama ƙasa, ya yi kwana, ya shiga kwalabe ta gefe. Shigar gefe ita ke zubar da su duka. Na roba kuwa miƙewa yake ɗoɗar kamar jakin da ya hango gida."

Hajiya ta ce, "To Allah ya ba da sa'a. Ka ɗauke shi daga kan kafet ɗina."

Daga nan muka shiga makarantar da ba mu yi rajista ba. A bakin Kawu na ji cewa layin safe daban, layin azahar daban. Da safe mai na nan jingim, ƙwallon yakan zarce bai yi kwana da wuri ba, sai ya tsaya ta gefe inda man ya fi ƙaranci, ya rage gudu. In an jima ana wasa, ƙwallaye sun lashe man, sai ƙwallon ya riƙa kamawa tun bai je ko'ina ba, ya ƙetare ya wuce inda ake so, ko ya isa a gajiye ya bar kwalba ɗaya a lungu tana kallonka. Nan sai ya matsa ƙafarsa ciki, katako biyu ko uku, yana bin man inda ya rage. In an yi bikin yara a layin jiya da ƙwallayen roba, sun ja man har ƙarshe, ranar sai ya dawo yana mita. Yakan ce, "Ubana bai taɓa shuka ba sai ya duba ƙasa. Su kuwa yaran nan ƙwallo suke zagi."

Yana da ɗabi'u da duk gidan bolin suka sani. Ba ya jifa sai ya goge ƙwallon da tawul, ko da sau ɗari ne. Ba ya jifa sai ya yi bismilla. In ya share kwalaben duka ba ya tsalle, sai ya juyo ya ce "wala", wato shi ke nan da Faransanci, ya zauna. In abokin wasa ya yi gaggawa sai ya ɗaga hannu ya ce "dusuma, dusuma", wato a hankali, har su ma suka koya. Jajibirin ranar da ya ji za a zuba mai da yawa, yakan zauna a baranda da sanfefa mai laushi yana dusashe fuskar ƙwallon don ya kama da wuri. In kuwa layin busasshe ne sai ya goge shi ya yi ƙyalli don ya daɗe yana sulɓi.

Wata rana Hajiya ta shiga banɗaki ta ƙwala ihu. Na ruga na tarar da ƙwallon a cikin bokitin wankinta, cikin ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, mai na tasowa a sama.

"Alhaji, mene ne wannan?"

"Ya ƙoshi da mai ne, ya daina kwana. Gumi nake sa shi."

"Shekara nawa ina cikin gidan nan, ka taɓa dafa mini ruwan wanka?"

Washegari da asuba ya tara mata ruwa mai zafi a baho, ya tsaya a ƙofa da tawul a kafaɗa. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Bokitin dai bai koma hannunta ba.

Rigimarsa da Malam ba ta dariya ba ce. A wurin wani suna aka yi ta, gaban mutane. Malam ya ce bai dace mutum mai furfura, wanda ya je Makka, a riƙa ganin motarsa a ƙofar gidan da ake sayar da giya ana kiɗa ba. Ya ce yara na kallo.

Kawu ya ajiye cokali. "Malam, kantin da kake sayen madara ba a sayar da giya?"

"Wannan lalura ce."

"Wannan ma lalura ce. Tambayi lokotoro. Da safe muke yi, mu tsofaffi, kofi ake sha. Ka zo ka gani da idonka."

"Ƙafata ba za ta taka ba."

"To bakinka ma kada ya taka."

Malam ya tashi ya fita bai ci naman ba. Azumin shekarar guda suka yi suna salla sahu ɗaya ba mai ce wa wani sannu. Hajiya ta rame tsakanin wa da miji. Ranar idi Kawu ya je har gida ya ce maganarsa ta ƙarshe ta yi kaifi, a yafe masa ita. Malam ya ce ya yafe. Kan bolin kuwa ba wanda ya janye.

Sai ciwo ya zo. Wata safiya Kawu ya tashi zai yi alwala, buta ta suɓuce, bakinsa ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Ya rayu, maganarsa ta dawo a hankali, ƙafar ta dawo rabi, hannun dama kuwa ko cokali ba ya riƙewa. Tuƙi ya ƙare. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da nake gani, na kuma san yadda maza irinsa ke narkewa a kujera in aka karɓe musu makullin mota.

Ya yi watanni yana zuwa asibiti ana yi masa gashin jiki. Wata rana ina mayar da shi gida ya ce in bi ta gidan bolin.

"Kawu, me za ka yi a can?"

"Gaisuwa."

Da muka shiga, bai je wurin abokansa ba. Ya ja ƙafa ya nufi ɗan shagon da ke ciki, inda ake sayar da ƙwallaye ana huda su. Ya ɗora hannun hagu a kan kanta ya ce wa mai shagon, "Auna wannan."

Mai shagon ya kalle ni, ni ma na kalle shi. Ya ce, "Ka san daga farko za ka fara? Kuma mai jifa da hagu a kan ƙafar dama yake tsayawa. Ita ce mai ciwon."

"Na sani. Auna."

A mota na yi masa faɗa irin wanda ban taɓa yi ba. Na ce zai faɗi ya karya ƙugu, kuma ni zan tsaya gaban mahaifiyata in yi bayani. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ɗiyata, kujerar falon nan ma kisa take, ba ta da ƙara ne kawai. In ba za ki kai ni ba, zan hau bas."

Na kai shi. Sabon ƙwallon riyaktif ne shi ma, shuɗi, amma bai kai tsohon nauyi ba. Kawu ba ya iya takun nan na gudu kafin jifa, don haka yakan tsaya cak a bakin layi, ni ina riƙe da ɗamararsa ta baya, ya lilo hannu ya saki. Makonnin farko kwata ce ke ci. Da hannun ya fara saba, sai wata matsala ta fito: jifansa ba gudu, shi kuwa riyaktif in ba gudu, da ya ji busasshen katako sai ya yi kwana tun a tsakiya ya tafi can dama. Mu da muke zuwa da rana bayan na tashi aiki, layin da aka gama lashewa muke samu. Wata rana ya jefa, ƙwallon ya ƙetare layin gaba ɗaya ya faɗa kwatar dama. Wasu matasa a layin kusa suka yi dariya. Ya zauna, ya goge ƙwallon, ya ce, "Ba da rana ba. Sai da safe, in mai na nan."

Na sauya aiki na koma na yamma saboda shi. Ya sa mai shago ya goge ƙwallon ya yi ƙyal. Da safe, a kan sabon mai, jifan nan nasa mai sanyi sai ya daɗe yana sulɓi, ya yi kwana a inda ya kamata. Ranar da ya fara share goman da hagu, na saki ɗamarar na yi guɗa a gidan bolin ɗin Amurka, ban damu da kowa ba.

Sannan ya gano wani abu da ya sa shi murna kamar yaro. Kusan kowa da dama yake jifa, gefen dama suke bi, shi suke lashewa. Gefen hagu ba mai taɓawa. Su suna ta matsa ƙafa suna neman mai, shi nasa yana nan har a tashi. Ya ce wa direbar bas ɗin, wadda ita ce shugabar ƙungiyarsu, "Shekaru ina cin kasuwa a cunkoso, ashe ga fili nan a gefe."

Wata Talata aka riƙe ni a asibiti, na rasa wanda zai kai shi. Malam ne ya zo da motarsa. Ya kai shi har ƙofa, ya kama shi ya haye dakali, ya koma mota ya zauna da carbi har aka gama. Bai shiga ba, ranar ko bayanta. Amma daga nan duk ranar da ba ni da hali, shi ke zuwa.

Kawu ya koma ƙungiya. Makinsa bai kai na da ba, bai ma yi kusa ba, kuma ba ya son a yi masa ƙarya a kai. In wani ya ce ya yi ƙoƙari, sai ya ce, "Ƙoƙari na yi, wasa ban yi ba tukuna."

A bara ne ƙanen mijina ya gamu da tsautsayi. Ɗan Kano ne, magidanci mai 'ya'ya biyu, yana aiki a wani babban sito. Inji ya kama hannunsa na dama ya cire yatsu uku. Bayan an sallame shi daga asibiti ya shige ɗaki ya rufe. Ba masallaci, ba waya, hannun kullum cikin aljihu ko gaban matarsa. Mijina ya yi lallashi ya yi faɗa, ya gaji.

Kawu ya ce in kai shi. Ya shiga ɗakin da sandarsa, ya zauna a bakin gado, bai yi wa'azi ba. Ya ɗauko mataccen hannunsa da na hagu ya ajiye a kan cinyar ƙanen mijina.

"Ka ga nawa? Biyar ne cif, ba ko ɗaya mai aiki. Kai kana da biyu. Tashi ka ɗaukar mini jakar ƙwallo zuwa gidan bolin, ɗiyata bayanta na ciwo."

Bayana lafiya lau yake. Ƙanen mijina ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba na fita."

"To ni ma ba na fita. A kawo mini abinci nan."

Ya zauna a ɗakin har la'asar. Washegari ya sake zuwa. Rana ta uku ƙanen mijina ya fito ya ɗauki jakar, don kunya kawai. Ya ɗauki jaka mako da mako, yana zaune a baya hannu a aljihu, har ranar da Kawu ya ce kafaɗarsa ta riƙe, ya miƙa masa ƙwallon aro ya ce ya ƙarasa masa wasan. Da hagu. Tun daga ranar suke zuwa tare ranar Alhamis, su biyu, malami da ɗalibi, ba mai hannun dama a cikinsu.

Talatar ƙarshe da Kawu ya yi wasa, an zuba mai da yawa. Ƙwallon shuɗin ya ƙi kwana, yana zarcewa yana taɓa kwalabe a gefe. Ƙungiyar ta sha kashi. Kawu ya fito ransa a ɓace, ya tsaya a shago ya ajiye ƙwallon ya ce a fitar da man da ya sha, a ɗan dusashe fuskarsa, zai karɓa kafin Talata mai zuwa. A mota bai yi maganar komai ba sai inda zai tsaya a mako mai zuwa in sun sake zuba mai haka.

Bayan sadakar bakwai mai shagon ya kira ni. Bai ji labari ba. Ya ce an daɗe da gama aikin ƙwallon, a zo a ɗauka. Na miƙa wa Hajiya wayar, na gaya mata abin da ya ce. Sai ta ce a kira mata ƙanen mijina.

Da ya zo ya durƙusa, ta ce, "Ƙungiyar Alhaji saura musu wasanni kafin a rufe shekara, kuma ba su cika ba. Ka je a toshe hujin ƙwallon nan a sake hudawa daidai hannunka."

"Mama, ban kai ba. Su sun yi shekaru suna yi. Zan ja su ƙasa."

"Ban tambaye ka ko ka kai ba. Ni ina takaba, ba na fita. Kai za ka je."

Talatar da ta wuce na kai shi. Shugabar ƙungiya ta ba shi riga mai ruwan ganye, ta yi masa yawa a kafaɗa. Da aka kira shi ya tashi, ya fitar da hannun dama daga aljihu a gaban mutane, ya tallafe ƙwallon da yatsu biyun da suka rage. Jifan farko ya zarce, ya kwashe uku kacal. Ya tsaya yana kallon layin, bai juyo ya kalle mu ba. Ya jira ƙwallon ya dawo, ya matsa ƙafarsa katako biyu waje, ya sake. Wannan karon ya yi kwana, ya kwashe shida, ɗaya ta tsaya. Sun sha kashi ranar ma. A hanyar gida ya tambaye ni ko zan iya kai shi Alhamis da sassafe kafin kowa ya taɓa layin, na ce ya shirya da wuri.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya mayar masa da ƙarfin hannayensa biyu a gidan da ba ciwo. Mu kuma ya ba mu haƙurin rashinsa, ya kyauta tamu in ta zo.